Katin girafik da zafin Accra: tambayoyin da 'yan gem ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da masu buga gem a kwamfuta suke yawan kawowa daga Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, har da masu gidajen gem waɗanda abincinsu ya dogara da injinan nan. Amsar da ake bayarwa a tsaitsaye a bakin shago ba ta isa, shi ya sa na zauna na rubuta su. Roƙona ɗaya tun daga farko: kada ka ɗauki sukudireba sai ka auna zafin. Katunan girafik (allon da ke zana hoton gem a cikin kwamfuta) da yawa da ake buɗewa a garin nan iska kawai suke nema, da shara, da ɗan rage musu wuta.

Digiri nawa ne za a ce zafi ya yi yawa?

Kati ba zafi ɗaya yake nunawa ba. Akwai zafin cip ɗin, wato ƙwaƙwalwar katin, gaba ɗaya, wanda shi ne lambar da kowa ke gani. Akwai zafin wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin cip ɗin, wanda manhajoji ke rubutawa Hot Spot a katin Nvidia, ko Junction a katin AMD. Sannan akwai zafin memori, a katunan da ke iya nuna shi.

Ga lambar farko, in kana tsakiyar wasa kana ganin digiri 65 zuwa 80, kwantar da hankalinka. Katunan GeForce da yawa an saita su daga kamfani su riƙa tsare kansu a 83: da sun kai nan sai su fara rage gudu don kada su wuce. Iyakar da Nvidia ta rubuta wa GTX 1060 ita ce 94, ta RTX 3060 da RTX 3080 kuma 93, ta RTX 4090 kuwa 90. Lamba ta biyu kullum ta fi ta farko, kuma haka aka yi ta. A 2019, lokacin da masu RX 5700 suka firgita da abin da suke gani, AMD ta fito ta ce har zuwa 110 a wannan wurin yana cikin ƙa'ida. Memori irin GDDR6X, wanda ke kan RTX 3080 da 3090, shi ma yana rage gudu idan ya kai wajen 110.

Wannan iyakar kamfani ce. Ni dai ba na son ganin kati yana wuni a bakin iyakarsa, domin fanka da man tamal (man da ake shafawa tsakanin cip da ƙarfen shan zafi) da ƙananan kayan da ke kewaye da cip duk suna saurin tsufa a haka. In ka iya riƙe shi ƙasa da 80, memori kuma ƙasa da 100, ka yi masa adalci.

Da me zan auna, kuma yaushe?

GPU-Z da HWiNFO kyauta ne, kuma suna nuna duka lambobin da katinka ke iya bayarwa. MSI Afterburner kuma, tare da RivaTuner da ke zuwa da shi, yana sa maka lambar a kusurwar allo kana cikin wasa, kuma yana aiki da katin kowane kamfani.

Ka auna da rana tsaka, a lokacin da ɗakin ya fi zafi, da murfin kes, wato akwatin kwamfutar, a rufe kamar yadda kake amfani da shi kullum. Buɗe gem ɗin da ka saba, ko EA Sports FC ne ko GTA V ko Warzone, ka yi rabin sa'a. Minti biyar ba ya nuna komai, saboda ƙarfen shan zafin bai gama ɗumama ba. FurMark kuwa, manhajar gwajin ƙarfin kati, kada ka fara da shi a kan katin da kake zargi, don yana ɗora masa nauyin da babu gem ɗin da ke ɗorawa.

Rubuta lambobin a takarda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin lambar farko da ta biyu. Tazarar digiri 10 zuwa 15 ba komai. Idan ta haura 25, akwai alamar cewa man tamal ya bushe ko ƙarfen bai zauna daidai a kan cip ba. Idan kuwa tazarar ƙarama ce amma duka lambobin suna sama, matsalar iska ce ko ƙura, kuma buɗe katin ba zai ƙara maka komai ba.

Yaya, na ga wani a YouTube katinsa irin nawa yana 68, nawa kuma 80. An cuce ni ke nan?

Mai yiwuwa ba a cuce ka ba ko kaɗan. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakinka take ja ta hura ta tsakanin siraran faranta na alminiyam, iskar ta kwashi zafin ta fita da shi. Don haka kati yana zama ne a wani adadi sama da zafin iskar da yake shaƙa. Masu gwajin kaya a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke aikinsu. Mu a Accra, daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana yana kaiwa 32 ko 33 a waje, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin gidan haya mai rufin kwano, mai taga ɗaya, ya san cewa ciki ya fi waje. Ka ga tun kafin ka kunna kwamfutar an riga an ƙara maka digiri goma ko fiye. Ɗora goma ko sha biyu a kan 68 ɗin nan, ka dawo kan lambarka.

Sannan ka tuna cewa duk wutar da kati ya ja, zafi take komawa, kuma a ɗakinka zafin yake ƙarewa. GTX 1060 wat 120 yake ja. RX 580, wanda ya cika gidajen gem, wat 185. RTX 3060 wat 170, RTX 3080 kuwa wat 320, kamar ka kunna ƙwan fitila irin na da masu wat 100 guda uku a cikin akwati ka rufe. Bayan sa'a biyu da ƙofa a rufe, ɗakin da kansa ya ɗumama, katin kuma yana sake shaƙar iskar da ya fitar. Shi ya sa mutum zai ce maka da safe lafiya lau, da la'asar sai gem ya fara tsinkewa.

Wannan ne dalilin da ya sa nake ba wa mai saye shawara ya dubi wat kafin ya dubi suna. RTX 4060 na 2023 wat 115 yake ja, kuma ya fi RTX 3060 gudu a yawancin wasanni. A ƙasa mai zafi, inda kuma mitar wuta ke cin kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta yaya zan gane zafi ne, ba wata cuta ba?

Zafi yana da ɗabi'arsa: a hankali yake zuwa. Gem zai fara sumul, bayan minti goma sha biyar ko ashirin fanka ta fara ruri, hoto ya fara tsaitsayawa, a Afterburner kuma ka ga gudun cip yana sauka. In ka huta ya dawo daidai.

Idan kwamfutar ɗif take mutuwa da zarar wasa ya yi nauyi, ko da ba ta daɗe a kunne ba, fara zargin fawa saflai, akwatin da ke ba kayan cikin kwamfutar wuta. Idan ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka kake gani a allo tun daga kunnawa, memori ne ko dalmar da ke riƙe da cip, kuma sanyi ba zai warkar da shi ba. Idan kuma gem ɗaya tak ke fitar da kai sauran suna lafiya, duba direba, wato manhajar katin, da gem ɗin.

Sau nawa zan share ƙura, kuma da me?

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kowane wata. Sauran watanni, duk wata uku ya isa, sai dai in ɗakinka yana bakin titin da ba kwalta. 'Yan'uwa na Aboabo da Asawase a Kumasi, da waɗanda ke Tamale, ƙurar hunturu ta fi yawa a wajenku, ku ƙara a kan haka.

Ƙurar Accra tana da wata mugunta da ba a cika faɗa ba. Hunturu ya cusa ta cikin ƙarfen, sai damina ta zo da laima, ƙurar ta jiƙa ta dunƙule ta manne. A unguwannin da ke kusa da teku iskar ma gishiri gare ta, shi ne kake ganin tsatsa a sukurori da bakin soket. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro na kunnawa da na shisha kuma suna barin danƙo a fikafikan fanka, ƙura ta samu abin kamawa. Ba na cewa a hana uwargida turare. A dai kashe kwamfutar a rufe ta da kyalle har hayaƙin ya fita.

Yadda ake yi: kashe, cire wayar wuta daga bango, fitar da katin, ka kai shi tsakar gida. Sa yatsa ka danne fanka kada ta juya, domin iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima ta lalata boris ɗinta. Hura da bulowar hannu irin ta masu gyara, daga gefen faranta zuwa waje, sannan ka bi fikafikan da buroshin fenti mai laushi. Ka ɗaga katin a hasken rana: in kana hango haske ta tsakanin farantan, ya sharu.

Mutane suna kai wa mai faci ya hura musu da kwamfuresar taya. Ban yarda da wannan ba. Tankin kwamfuresa yana tara ruwa, wani lokaci da mai, kuma ƙarfin iskar yana iya tsinke ƙananan kayan da ke kan allon katin. Kada ka manta da fawa saflai ma, kyankyasai da tsaka suna son ɗuminta; hura ta daga waje, amma kada ka buɗe ta, tana riƙe wuta ko bayan an cire ta daga bango.

In na cire murfin gefe na kafa fankar tsaye fa?

Zafi zai sauka, gaskiya ne, kuma wannan gwaji ne mai kyau. Idan cire murfin ya rage digiri bakwai ko goma, ka gano cewa kes ɗinka ne ba ya numfashi. Amma zama a haka yana nufin ƙura da ƙwari da hannun yara duk sun samu hanya.

Gyaran da ya daɗe shi ne fanka biyu masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Mai shigowa ta ɗan fi mai fita yawa, a bayan raga mai tace ƙura, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Kes ɗin da gabansa gilashi ne rufe ruf yana da kyau a hoto, amma ga yanayinmu mai gaban raga ya fi. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ko da a kan benci ne, ka janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya, kada kuma ka cusa ta cikin kabad ɗin tebur.

Masu tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP waɗanda aka sa wa GTX 1050 Ti ko GTX 1650, ku yi haƙuri da abin da akwatin zai iya. An yi shi ne don aikin ofis, fawa saflai ɗinsa ƙarama ce, wurin iska kaɗan. Kati mai wat 75 shi ne dai-dai da shi.

Ba ni da kuɗin sayen komai. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai, kuma shi ne ya fi komai amfani a cikin wannan rubutu.

Na farko, ƙayyade firem, wato yawan hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa. Idan monitarka 60 take nunawa a daƙiƙa, kati kuma yana fitar da 140, to 80 ɗin nan wuta ce kawai ake ƙonawa ba ka ganin su. Saita iyaka a cikin gem ɗin, ko a RivaTuner, ko a Max Frame Rate na Nvidia, ko Radeon Chill na AMD. A wasannin ƙwallo wannan kaɗai yakan sa fanka ta yi shiru.

Na biyu, rage iyakar wuta. A Afterburner ja Power Limit zuwa kashi 80 cikin ɗari. Katunan zamani kamfanoni suna tura su ne har ƙarshen ƙarfinsu don su yi fice a gwaji, kuma ɗan gudun ƙarshen nan shi ke cin wuta mafi yawa. Abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, sau da yawa ido ba ya kama shi.

Na uku shi ne rage boltej, kuma shi na fi so. Wutar da cip ke ja tana hawa ne da boltej ninki a kan ninki: in ka sauko daga bolt 1.05 zuwa 0.90 a gudu ɗaya, lissafi ya nuna kusan kashi ɗaya bisa huɗu na wutar aikin ya tafi. A Afterburner danna Ctrl da F, jadawali zai buɗe. Zaɓi ɗigon da ke kan milibolt 900, ɗaga shi zuwa gudun da katin ya saba yi a wasa ko ɗan ƙasa da haka, ka miƙar da duk ɗigogin da ke bayansa su yi layi ɗaya, ka tabbatar. Masu AMD suna da wannan a cikin Adrenalin, a sashen Tuning, har da maɓallin da ke yi maka da kansa. Sai ka buga gem na sa'a guda. Idan ya fitar da kai, rage gudun kaɗan ko ƙara boltej kaɗan ka sake. Kowane cip da halinsa, ko da sunansu ɗaya, don haka lambar abokinka ba lallai ta zauna a naka ba.

Masu tsoro su sani: rage boltej ba ya ƙona kati. Mafi munin abin da zai faru shi ne gem ya rufe, ka mayar da saitin yadda yake.

Fankar katina ba ta juyawa. Ta mutu ne?

Duba tukuna. Katuna da yawa suna tsayar da fanka da gangan idan zafi bai kai wajen 50 zuwa 60 ba. Buɗe gem ka leƙa. Idan zafi ya haura 65 ba ta motsa ba, ko ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye, ko tana ƙara kamar ana niƙa, to akwai magana.

Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke bayan fanka yakan ba ta 'yan watanni, in irin mai buɗuwa ce. Man girki kada ya kusance ta, danƙo yake zama. Sabuwa kuwa da lambar da ke kan takardar nan ake nemanta, da faɗinta a milimita, da yawan wayoyinta. In ba a samu ba, a cire murfin roba na katin gaba ɗaya a ɗaure fankar kes biyu a kan ƙarfen da igiyar roba, a jona su a madabod. Ba shi da kyan gani, amma yakan fi na asali sanyi da shiru.

Saita fanka a kashi 100 dare da rana kuwa gajarta mata kwana ne. Gara ka zana mata hawa-hawa a Afterburner, ta fara da wuri, ta kai wajen kashi 70 idan zafi ya kai 70.

Yaushe ya kamata a canza man tamal?

Idan ka share ƙura, ka gyara iska, ka ga har yanzu tazarar da na ambata ta haura 25, ko kati ya shekara uku zuwa biyar yana aiki ba a taɓa buɗe shi ba kuma zafinsa yana ta hawa. In akwai garanti a kansa, mayar wa mai shago tukuna, don da yawa ba sa karɓa idan an yaga takardar da ke kan sukuru. Wani lokaci ma laifin daga masana'anta ne: a farkon 2023 AMD ta amince cewa wasu RX 7900 XTX na ƙirarta sun fito da matsala a ɗakin tururin da ke shan zafinsu, kuma babu man da zai gyara irin wannan.

Man yana lalacewa ne ta hanya biyu. Yana bushewa, kuma yana tsiyayewa gefe: duk lokacin da cip ya yi zafi ya huce, shi da tagullar da ke kansa suna buɗewa su tsuke ba daidai da juna ba, a hankali su matse man zuwa waje, tsakiya ta zauna babu komai.

In za ka yi da kanka, kunna gem na minti goma tukuna don tsohon man ya yi laushi. Zana hoton katin a takarda ka riƙa ajiye kowane sukuru a inda ya fito, tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Raba ƙarfen da allon a hankali, da ɗan murɗawa, kana lura da siririyar wayar fanka. Goge tsohon man da barasar goge kayan lantarki, isofirofil mai kashi 90 ko fiye, da kyalle marar gashi. Cip ɗin katin girafik tsirara yake, babu murfin ƙarfe irin na firosesa, don haka dole man ya rufe shi kaf har kusurwoyi. Shimfiɗa shi siriri da gefen tsohon katin roba. Wajen ɗaurewa, bi sukurori huɗun da ke kewaye da cip a gicciye, kowanne juyi kaɗan-kaɗan, har su ƙare tare.

Arctic MX-4 ko MX-6 ko Noctua NT-H1 duk sun isa, kuma ba sa ɗaukar wuta. Wanda ya fi jure tsiyayewar nan shi ne PTM7950 na Honeywell, wata siririyar takarda da ke narkewa a wajen digiri 45 ta cike kowace kafa. Sa ta a firji kafin ka yanka, in ba haka ba za ta manne maka a yatsa. Jabunta ta yi yawa a intanet, a kula. Farin man nan marar suna da ake ba ka a ƙaramar leda ba ya daɗewa a kan kati mai zafi. Man goge baki ba ya cikin lissafi. Ƙarfe mai ruwa-ruwa kuwa, wanda ake yi da galiyam, yana cin alminiyam kuma yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya a gefen cip ya kashe kati. Bar shi.

Fad ɗin, wato 'yar katifar nan mai laushi mai ɗaukar zafi da ke kan memori, fa?

In bai yage ba kuma bai bushe ya farfashe ba, mayar da shi yadda yake. In dole ne a canza, kauri shi ne komai: akwai milimita 0.5, 1, 1.5, 2 da sauransu, kuma kati ɗaya yana iya amfani da kauri biyu ko uku. Wanda ya yi kauri zai ɗaga ƙarfen daga kan cip, ka rufe ka ga zafi ya fi da. Wanda ya yi siriri ba zai taɓa memorin ba. Nemi kaurin ainihin samfurinka, ba na sunan cip kaɗai ba. Masu RTX 3090 su tuna rabin memorinsu a bayan allon yake, yana son iska ta nan ma.

Zan sayi na hannu a Circle. Me zan duba?

A ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙa, wato samar da kuɗin ta katin girafik, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, har da namu. Ba duka ne marasa kyau ba. Masu haƙa da yawa suna rage musu wuta. Amma fanka da memori da fad sun sha wahala.

Kada ka biya sai an sa shi a inji a gabanka, ko a Tip Toe Lane da ke Circle kake ko a Adum ta Kumasi. Buɗe GPU-Z ka tabbatar sunan da adadin memorin sun dace da abin da aka ce maka. Akwai RX 580 mai 2048SP, wanda ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570 duk da sunan. Bar shi ya yi aiki minti ashirin kana kallon lambobi ukun. Juya kowace fanka da yatsa ka ji ko tana girgiɗi. Duba bayan allon: launin rawaya ko ruwan ƙasa a kewayen cip da memori alamar doguwar gasuwa ce, maiƙo kuma daga tsohon fad yake fita. Ka nemi ko da mako guda na gwaji, a rubuta a rasit. Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan.

Ɗauke wuta da ƙarancinta suna ƙara zafi?

Duk wanda ya ga dumsor na 2014 da 2015 yana da wannan tsoron. Ɗaukewar da kanta ba ta ƙona kati: fanka ta tsaya, amma cip ma ya daina haifar da zafi. Haɗarin yana wajen dawowar wuta da ƙarfi, da kuma wuta mai rauni wadda ke wahalar da fawa saflai. Sitabilaiza ko UPS mai isasshen ƙarfi, da fawa saflai ta kirki, su ne kariya. Wutar Gana bolt 230 ce. In kwamfutarka daga Amurka ta zo kuma akwai jan maɓalli a bayanta mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka jona.

Wayar wuta ma tana zafi. Ramin madabod wat 75 yake bayarwa, waya mai baki 6 wat 75, mai baki 8 wat 150. Adaftar da ke juya wayar SATA ta zama mai baki 8 na daga cikin abubuwan da ke narkewa, kada ka yi amfani da ita. Sabon soket mai baki 16 na RTX 4090 ya narke wa mutane a ƙarshen 2022, Nvidia kuma ta danganta abin da rashin tura shi har ƙarshe. Tura shi sai ka ji ya kama, kada kuma ka lanƙwasa wayar daf da bakin.

Esi, ƙanƙara, ko sanyaya da ruwa?

Esi yana aiki sosai, in kana da kuɗin wutarsa. Sai dai in ka ɗauko kwamfuta daga ɗaki mai sanyi zuwa iskar waje mai laima, bar ta sa'a ɗaya kafin ka kunna, raɓa na taruwa a jikinta. Ƙanƙara a gaban fanka ruwa kake kai wa lantarki. Sanyaya da ruwa kuma tsada ne, kayan gyaransa ba su cika samuwa a nan ba, kuma shi ma da iskar ɗakin yake huce ruwan.

Mai gyara ya ce zai gasa min katin da bindigar zafi ya dawo. In yarda?

Wannan ba maganin zafi ba ne, dabara ce ta farfaɗo da katin da ya riga ya fara mutuwa. Dalmar zamani marar darma tana narkewa a wajen digiri 217, bindigar hannu kuma ba ta rarraba zafi daidai, tana iya ƙona abin da ke gefe. Katin yakan tashi na makonni ko 'yan watanni ya koma. In naka ya riga ya mutu kuma ba ka da abin asara, kana iya gwadawa. Amma haramun ne a gasa kati a sayar wa ɗan'uwa a matsayin lafiyayye, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa na ce a dubi launin bayan allo.

Laftof ɗina fa?

Ta ƙasa yake shaƙar iska, don haka katifa da kafet da cinya duk suna toshe shi. Ɗora shi a tebur, ɗaga bayansa da ɗan katako. Ƙayyade firem kamar yadda na faɗa. A laftof da yawa firosesa da cip ɗin girafik bututun tagulla ɗaya suke rabawa, saboda haka rage wa firosesa ƙarfi yana sauke zafin duka biyun. Ƙura kuma tana yin tabarma a tsakanin fanka da farantan fitar iska, inda ba a gani sai an cire fankar.

Malam, ina da gidan gem mai inji shida a kwantena. Daga ina zan fara?

Daga ɗakin. Inji shida da monitocinsu da samari fiye da goma a cikin kwantenar ƙarfe, zafin da ke taruwa ya fi ƙarfin kowace fankar kati. Fankar sili juya iskar kawai take yi a wuri ɗaya. Sa fanka mai zuƙe iska waje a saman bango, a ɓangaren da bayan injinan yake, ka bar ƙofa ko taga mai raga a ɗaya ɓangaren don sabuwa ta shigo. In rufin ba shi da sili, yi masa, ko ka kafa rumfa a samansa ta tare rana. Kada ka jera injinan yadda iskar da ɗaya ya fitar za ta faɗa gaban na kusa da shi.

Bayan haka ka ƙayyade firem a kan 60 a kowane inji, ka rage iyakar wuta zuwa kashi 80, ka sa wa Afterburner ya riƙa tashi da saitin duk lokacin da aka kunna. Ware safiyar rana ɗaya a wata, kafin yara su taso daga makaranta, don shara. Ajiye littafi ka riƙa rubuta zafin kowane inji a ranar sharar, a gem ɗaya, a lokaci ɗaya. Injin da ka ga lambarsa ta fara rabuwa da ta sauran, shi za ka buɗe, sauran ka bar su su ci gaba da aiki.